Ranar da Injiniya Ya Rage wa Mota Nauyi

Ranar da Direba ya faɗo daga kan tsani ya karye a cinya, kowa a layinmu ya tausaya masa, ban da ƙanen matarsa, wanda ya ga ƙofar arziki ta buɗe masa. Wannan ƙanen shi ne Injiniya. Ba wanda ya sa masa sunan. Shi ya raɗa wa kansa, bayan ya yi 'yan makonni yana shara a shagon wani mai sayar da kayan mota, har aka sallame shi saboda yana koya wa masu saye abin da ba su tambaye shi ba. Tun daga lokacin, duk abin da ke da waya ko noti a layin nan ɓoye masa ake yi. Fankar mai aski da ya taɓa gyarawa, har yau in an kunna ta sai ta juya wa mutane baya ta yi ta fifita bango.

Direba yana da tsohuwar a-kori-kura, da ita yake ciyar da matarsa da yaransa. Kafin ya karye ya sha zarya gidan burodin da ke bayan kasuwa, yana neman a ba motarsa aikin raba burodi a shaguna kowace safiya. Sai da ya kwanta sannan Hajiya mai gidan burodin ta aiko: a kawo motar gobe kafin azahar ta gani da idonta. In lafiyarta lau, aikin nata ne, ko wa zai tuƙa. In ba haka ba, akwai wani mai mota da ke jira. A gidan kuwa tun da maigida ya kwanta ba abin da ke shigowa, tukunya ta fara tsallake rana.

Da yamma Direba ya kira ƙanen matarsa bakin gado, ita tana can madafa.

"Auta, matso kusa."

"Injiniya."

"To, Injiniya. Motar nan ciwonta ɗaya. Da safe tana tashi lafiya, amma da inji ya ɗau zafi sai ta mutu, ba ta sake tashi sai ta huce. Ina zargin koyil ne, abin nan da ke ba inji wuta. Ka fara biyawa gareji a canza shi, ba wani dogon aiki ba ne. Daga nan ku wuce wurin Hajiya."

"Sai ta huce? Maigida, mota ce fa, ba shayi ba."

"Na dai faɗa maka."

"Bakaniken da kake magana, ni na nuna masa yadda ake riƙe sifana. Kai dai ka ji da ƙafarka. Gobe in gyara ta a gaban jama'a, jibi in buɗe garejina, in ka warke in duba ko da gurbin direba a wurina."

Direba ya rufe ido. Da yana da ƙanen mata na biyu, da ba a yi wannan zancen ba.

Washegari Injiniya ya fito da rigar aiki ta aro, sifana a aljihun dama, filaya a na hagu. Yaya, wato matar Direba, ta ce ƙafarta ƙafarsa, don ta san ɗan'uwanta tun yana rarrafe. Motar ta tashi bugu ɗaya. Maimakon ya ja ta su tafi, sai ya tsaya yana taka totur a ƙofar gida, yana bayyana wa tela da mai aski ma'anar kowace ƙara, har injin ya yi zafin da ake gudu ba a je ko'ina ba.

"Baban yara ya ce a biya gareji," in ji Yaya da suka hau titi.

"Yaya, gareji ai ga shi yana tuƙa ki."

Bai rufe baki ba motar ta yi tari, ta shiɗe, ta mutu a daidai ƙarshen layi. Ya murɗa makulli, ta ƙi. Ya sake murɗawa, ta ƙi. Ya sauko ya ɗaga bonet, ya zuba wa injin ido, injin ma ya zuba masa. Kafin ka ce me, tela da mai aski sun iso, da duk wanda ba shi da aikin yi, kuma a layinmu suna da yawa.

Abu ɗaya ya gane a cikin tarkacen nan, shi ne hon. Ya sa sifana ya kwance shi, ya ɗaga sama.

"Ga ɓarawon. Shi ke shanye mata wuta."

"Hon?" in ji mai aski.

"Kai da gashi ka sani. Bari in ba ku labari."

Ya jingina da motar ya fara ba su labarin wani jirgin ruwa da ya mutu a tsakiyar teku, kyaftin yana kuka, aka aiko a ɗauke shi musamman. Injiniya bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, amma sai da ya faɗi kalar rigar kyaftin da sunan karensa. Ya daɗe yana zuba, har wata mai tallan lemo ta sayar da rabin farantinta a wurin. Da ya gaji ya shiga ya murɗa makulli. Motar, da ta riga ta huce abinta, ta tashi.

Tela ya kalli mai aski. Shi kansa Injiniya sai da ya ɗan firgita, amma nan da nan ya gyara fuska.

"Kun gani? Masu ƙera motocin nan cusa musu tarkace suke yi don a yi ta saye. Tsohuwar mota ba gyara take so ba, a rage mata nauyi kawai."

Zai jefa hon ɗin a bayan motar ke nan sai ga mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya turo amalankensa. Mutum ne mai ladabi da sanyin murya, wanda ke jin ƙamshin ƙarfe daga nesa.

"Ranka ya daɗe Injiniya, in ka sa shi a baya ai nauyin yana nan. Kawo in riƙe maka, ni ma can na nufa."

"Ina ka nufa?" in ji Yaya.

"Inda kuka nufa, Yaya."

Injiniya ya ce a duk layin nan mutum ɗaya ne ya fahimci ilimi. Suka tafi, amalanke na biye.

A shataletale ta sake mutuwa, a tsakiyar cunkoso. Masu motoci suka yi ta danna hon, Injiniya ya dube su da tausayi, ya ce duk marasa lafiya ne ba su sani ba. Aka tura ta gefe. Wannan karon bonet ya cire gaba ɗaya, wai yana hana ta numfashi, ya haɗa da safayar taya da bamba. Notin bamban ya ci tsatsa, don haka aikin ya ɗau lokaci, ya cike lokacin da labarin yadda wani kamfani ya roƙe shi ya zama shugaban injiniyoyinsa ya ƙi, saboda ba ya son sanyin ofis. Ya murɗa makulli. Ta tashi.

Aka yi tafi. Mai ba da hannu a shataletalen ya matso, ya kewaya motar.

"Malam, ina hon ɗinka?"

"Ga ta nan zaune. Yaya, ki ce musu su kauce."

Mai ba da hannun ya so ya yi magana, amma ya ga taron da ke bayansu ya fi ƙarfinsa, sai ya ɗaga musu hannu su wuce. Haka Yaya, matar da ba a taɓa jin muryarta a waje ba, ta ratsa titi tana leƙe ta taga tana cewa, "Bawan Allah, kauce. Baiwar Allah, ja yaronki."

Da yake motar tafiyar hawainiya take yi, tela da mai aski ba su sha wahalar binta a ƙafa ba. Tela ya rufe shago, mai aski ya bar wani da rabin kai. A hanya jama'a suka yi ta ƙaruwa, kowa na tambayar me ake yi, ana ce masa wani gwani ne ke gyaran mota da ragi. Wani mai babur ya tsaya ya saurara, ya kwance madubinsa ya miƙa wa mai gwangwan, ya hau ya ce wallahi ya ji bambanci.

A gaban asibitin dabbobi ta mutu, ƙofofi biyu suka tafi. Yaya ta riƙe ta ɓangarenta da hannu biyu.

"Auta, wannan ƙofar me ta yi maka?"

"Injiniya. Ki saki, Yaya, ke ba ki san ƙarfe ba."

"Na san mijina ya fi shekara goma yana rufe ta, ba ta taɓa kashe masa mota ba."

"A hankali take yi. Irin ciwon nan ne mai cin mutum a tsaye."

"Gaskiya ne," in ji mai gwangwan, yana gyara wa ƙofar wuri a amalanke.

Motar ta tashi, Yaya ta koma ta zauna. Abin da ya fi ci mata rai ke nan: duk haukan da ya yi, sai motar ta ba shi gaskiya. Kafin su kai bakin kasuwa madubai sun tafi, murfin baya ya tafi, kujera ma ta tafi, Injiniya yana tuƙi a kan jarka, ita tana kan bokitin da wata mata ta ara mata don tausayi. Rana ta take. Yaya ba ta kallon komai sai inuwa, tana ganin yadda take guntulewa.

A bakin kasuwa ta sake mutuwa, inda jama'a suka fi yawa. Injiniya ya ga taron da bai taɓa samu ba a rayuwarsa, sai ya hau bayan motar ya tsaya. Ya sake kawo jirgin ruwan nan, amma yanzu ya zama jirage uku, kyaftin ɗin kuma ya yi masa tayin 'yarsa. Ya yi bayanin garejin da zai buɗe, da inda masu jira za su zauna, da irin bakaniken da ba zai ɗauka ko shara ba. Daɗin magana ya kwashe shi. Ya diro, ya hau jarka, ya murɗa makulli, motar ta tashi.

Yaya ta dubi aljihunsa. Sifana na ciki, filaya na ciki. Ta waiwaya ta dubi mai gwangwan, ya tsaya hannu a miƙe, ba a ba shi komai ba.

"Auta, wannan karon me ka cire?"

"Ban cire ba. Tsoro ta ji. Ta ga abin da ya sami 'yan'uwanta."

Jama'a suka yi dariya suka ce lalle gwani ne. Yaya ba ta yi ba. Ta miƙa hannu wajen injin da ke buɗe, ta ji hucin injin ya ragu ba kamar ɗazu ba, sai abin ya faɗo mata gaba ɗaya. Duk tsayawar da suka yi, ba hon ba ne, ba ƙofa ba ce. Surutunsa ne. Yana zuba, inji na hucewa. Ta buɗe baki za ta faɗa masa, ya ce ta ji da aikinta, ga mai kaya nan a gabansu. Ta ce, "Bawan Allah, kauce."

Sun isa gidan burodi azahar ta kusa. Hajiya na tsaye a bakin get, gajeriyar mace, hannunta duk fulawa, irin mutanen da ba sa maimaita magana. A gefe ga wata farar mota a inuwa, direbanta na barci a ciki. Hajiya ta dubi abin da ya tsaya a gabanta: inji a waje, ba ƙofa, ba kujera, mace a kan bokiti, bayansu rabin kasuwa.

"Ina sauranta?"

"Tana tafe a amalanke, Hajiya," in ji tela.

Yaya ta sauko ta durƙusa. "Hajiya, ki yi mana rai. Duk abin nan yau za a mayar. Baban yara na kwance, ba mu da wani abin sai motar nan."

Hajiya ta dube ta. "Mijinki mutumin kirki ne, shi ya sa na jira. Ni ba ƙofa ce za ta kai min burodi ba, inji ne. In injin lafiya, mun gama."

Kamar jira motar take. Ta yi tari, ta shiɗe, ta mutu a tsakiyar get.

"To," in ji Hajiya. "Yanzu za a fara fitar da burodi daga tanda. Kafin a gama jera shi a kwanduna, in ta tashi, aikin naku ne." Ta dubi Injiniya sama da ƙasa. "Kai ne mai gyaran? Labarinka ya riga ka zuwa. An ce bakinka ya fi hannunka aiki."

Aka kwashe da dariya. Yaya kuwa sanyi ta ji a ranta, don ta leƙa ta ga yawan burodin, ta san lokacin ya isa inji ya huce har ya yi saura. Abin da ake bukata kawai ɗan'uwanta ya yi abin da ya fi iyawa a duniya.

"Injiniya," ta ce, karo na farko da ta kira shi haka, "ba Hajiya labarin jirgin ruwa."

Amma maganar Hajiya ta soke shi inda ba a taɓa sukarsa ba. Ya naɗe hannun riga.

"Yau ba ranar magana ba ce. Hajiya hannu take son gani."

Ya fizge abin share gilashi, ya murɗa makulli. Ta ƙi. Ya kwance fitila, ya murɗa. Ta ƙi. Gumi ya karyo masa.

"Auta, ka bar ta haka. Hucewa kawai take so. Zo ka faɗa musu yadda kyaftin ya yi kuka."

Ko kallonta bai yi ba.

"Jirage nawa ne ma? Uku ko huɗu? Don girman Allah ka yi surutu."

Mai aski ya riƙe ciki. Ya ce shekara da shekaru ana roƙon mutumin nan ya yi shiru, yau ga shi ana roƙonsa ya yi magana ya ƙi. Jama'a, da suka ɗauka duk cikin wasan ne, suka fara ba da shawara. Wani ya ce salansa. Wata ta ce sitiyari, ai shi ma nauyi ne. Mai gwangwan ya matso da amalanke har gindin taya, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, ni dai wancan dunƙulen wayoyin ban yarda da shi ba. Jan ƙarfe nauyi gare shi."

Yaya ta kama rigar ɗan'uwanta, ya fizge. Ya sa filaya ya datse wayoyin, ya jawo su kamar mai cire ciyawa. Ya cire bel ɗin fanka. Ya kama tiyon lagireto ya murɗe, ruwan zafi ya yi tsiri, jama'a suka watse, tela ya faɗa kan kwandon da babu komai ya zauna a ciki. Tururi ya rufe get ɗin. Cikin tururin ba abin da ake ji sai ƙarar sifana da faɗuwar ƙarfe a amalanke. Bakin Injiniya gum, tun da aka haife shi bai taɓa yin aiki haka ba.

Da tururin ya washe, ma'aikata suna jera layin ƙarshe. Yaya ta ɗora tafin hannunta a kan injin. Ya huce sarai. Ta ture ɗan'uwanta, ta hau jarkar da kanta, ta yi bisimilla, ta murɗa makulli.

Ko tari motar ba ta yi ba. Batir ɗin na cikin amalanke, a kan ƙofa.

Hajiya ta karkaɗe fulawar hannunta. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa Yaya, "Ki gaida mai jiki." Sannan ta aika a taso direban farar motar, ta ce a janye mata wannan daga bakin get.

Mutum biyu kacal suka tura ta, ta tafi sumul.

"Gaskiya ta yi sauƙin turi," in ji mai aski.

"Kun gani?" in ji Injiniya a hankali. Taron ya riga ya fara watsewa, mai babur ɗin nan yana bin mai gwangwan a ba shi madubinsa. Shi kuwa mai gwangwan ya juya amalanke zai bi ta wani lungu, sai ya ji an riƙe. Yaya ce.

"Gidana za ka kai su."

"Ai dama can na nufa, Yaya."

Direba na kwance yana kallon taga sai ya ga ƙofar motarsa ta wuce a tsaye, bonet na biye da ita. Ya bi su da ido har suka shige tsakar gida. Bai tambayi komai ba sai da matarsa ta shigo ta zauna a bakin gado, ƙafafunta duk ƙura. Yaran suka taru a bakin ƙofa suna kallonta.

"Aikin fa?"

"An ba wani."

Injiniya ya leƙo, rigar aro ta yi baƙi ƙirin, ya ga ba a kore shi ba, sai ya shigo ya gyara murya.

"Maigida, ka san asalin matsalar motocin nan, tun lokacin da nake kan jirgin ruwa na lura cewa..."

"Auta," in ji Yaya, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Da a bakin get ɗin Hajiya ka buɗe bakin nan, da yaran nan sun san abin da za su ci gobe."

Ya dubi yaran, su ma shi suke kallo. Ya rufe bakinsa ya fita tsakar gida, ya tsuguna gaban tulin ƙarafan, yana juya hon a hannu, yana neman ta inda ake mayar da shi.